Me Ke Cikin Jakarka, Ɗan Agaji?

Laccar da aka gabatar wa 'yan agaji, direbobi da ma'aikatan lafiya na karkara



  An umarce ni in yi magana a kan jakar agajin gaggawa, wato wadda ake saɓawa a kafaɗa a tafi da ita inda babu asibiti: bakin titi, filin Idi, wurin wa'azi, sansanin 'yan gudun hijira, ko ƙauyen da ruwa ya yanke masa hanya. Zan yi ƙoƙari in bar lokacin tambayoyi, don na san akwai su.

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin agaji na makaranta ko na motar haya ya san abin da zai tarar. Farasitamol, kwalbar aidin da murfinta ya yi tsatsa, ƙullin auduga, man zafi, filasta ƙanana, wani lokaci har da maganin gyambon ciki. Kayan nan ba haramun ba ne, amma ku dubi wanda suke yi wa amfani: mai ciwon kai, da yaron da ya ƙuje gwiwa a filin ƙwallo. Waɗannan ko ba ka zo ba za su kai gobe, in Allah ya yarda. Wanda ba zai kai gobe ba, kai ba zai ma kai la'asar ba, shi ne ɗan acaɓar da ke kwance jini na tsartuwa daga cinyarsa, kuma babu abu ɗaya a cikin akwatin nan da aka saka dominsa. Mun mayar da jakar agaji ƙaramin kyamis, alhali ba aikinta ke nan ba. Aikinta ta riƙe mutum da rai har ya isa hannun waɗanda za su yi masa magani. Saboda haka abin da zai fara shiga cikinta shi ne abin da ke tare ciwon da ya fi saurin kisa, sannan mai bi masa, har a gangaro kan ciwon kai in akwai sauran wuri.

To mene ne ya fi saurin kisa? Jini. Babban mutum yana da jini wajen lita biyar a jikinsa. Idan babbar jijiyar cinya ta yanke, cikin 'yan mintoci kaɗan, kafin a gama gardamar wa zai kawo mota, ya riga ya tafi. Sojojin Amurka sun koyi wannan darasi da tsada. Sun bi diddigin mutanensu sama da 4,500 da suka mutu a fagen yaƙin Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2011, suka gano cewa cikin waɗanda suka cika kafin a kai su asibiti, kusan ɗaya cikin huɗu raunin da ya kashe su irin wanda ake iya tsira daga gare shi ne, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na waɗannan zubar jini ce ta kashe su. Shi ya sa a yau kowane sojansu yake yawo da ɗamarar tsayar da jini a jikinsa, wadda ma'aikatan asibiti ke kira tonike. A 2015 ma gwamnatin Amurka ta fito da shirin koya wa farar hula amfani da ita, bayan abin da aka gani a harin bam na gasar gudun Boston a 2013, inda mutanen da ke wurin suka riƙa ɗaure ƙafafun waɗanda suka jikkata da bel da riguna.

Mu da aka horar tun da daɗewa, an tsoratar da mu a kan wannan ɗamara. An ce in ka ɗaura ta ƙafa za ta ruɓe. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne, in an ɗaura ta daidai kuma ba ta wuce awa biyu ba, da wuya ta bar lahani mai ɗorewa. Kuma ko da za ta bari, mai ƙafa ɗaya yana komawa ga iyalinsa.

Ga yadda ake yi, ku kalli hannuna. Ka zagaya ta a saman raunin da kamar faɗin yatsu uku, ta wajen gangar jiki, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba. Ka ja ta ta kama sosai, sannan ka murɗa sandar har jinin ya tsaya cak, ba ya ragu ba. Mutumin zai yi ihu, zai iya ma zaginka. Ka ƙyale shi, alama ce ta kama. Ka maƙale sandar, ka ɗauki alƙalami ka rubuta lokacin a kan filasta ko a goshinsa. Daga nan ba mai kwance ta sai a asibiti. Wannan al'ada ta a sassauta kaɗan "don jini ya zagaya" ita ce ke ƙarasa mutum a hanya. Jaka ta ɗauki biyu aƙalla, don haɗari ɗaya yana iya cin ƙafa biyu, kuma cinyar ƙaton mutum wani lokaci sai an jera biyu take tsayawa. Ku yi hattara da na jabu, sun cika kasuwa, sandarsu tana karyewa a murɗi na biyu. Wadda kuke koyo da ita daban, wadda ke cikin jaka daban, don yawan murɗawa yana sa ta saki.

Na san wani zai ce, Malam, kuɗinta fa? Gaskiya ne. In babu, akwai ɗankwali, akwai rawani, akwai bandeji mai kusurwa uku. A ninke shi ya yi faɗin yatsu uku ko huɗu, a zagaya, a ƙulla, a sa sifana ko sukudireba ko sanda mai ƙwari a kan ƙullin a sake ƙullawa, a murɗa. Biro ba ya yi, karyewa yake. Igiya da waya da siririyar roba kuma yankan nama suke yi, su tare jijiyar da ke mayar da jini su bar wadda ke kawo shi, sai zubar ta ƙaru.

Amma yawancin raunuka ba sa buƙatar ɗamara, dannawa suke so. Akwai kuma wuraren da ɗamara ba ta zama: matsematsi, hammata, gefen wuya. Nan sai cusa gozi. Ka sa safar hannu, ka nemo inda jinin ke fitowa da yatsanka, ka riƙa tura gozi cikin ramin raunin kaɗan-kaɗan har ya cika ya yi tozo, sannan ka ɗora hannu biyu ka danna da nauyin jikinka na minti goma, da agogo. Ba a ɗagawa a leƙa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Wannan aiki yana cin gozi fiye da yadda kuke zato, rauni ɗaya yana iya shanye naɗi uku. Don haka in kun ga rabin jakarku gozi ne da bandeji mai naɗewa, to kun shirya ta daidai. Audugar nan da muke so kuwa a rage ta, tana manne wa rauni, ma'aikacin asibiti ya yi ta tsince ta da hantsaki mara lafiya yana kuka. Abin da ya soki mutum ya tsaya a jiki, wuƙa ce ko ƙarfe, ba a zare shi, a tallafe shi da bandeji ta kowane gefe. Ƙasa, toka, man birki, garin magani, duk ba su da wurin zama a kan rauni.

Biyu daga cikin kayan da suka fi amfani ba ma magani ba ne. Na farko almakashi mai ƙarfi mai dakusasshen baki, wanda zai yanka wandon jins da takalmi. Raunin da ba ka gani ba ba za ka tsayar da jininsa ba, kuma babbar riga tana iya shanye jini mai yawa kafin a lura. In mace ce, ku nemi 'yar'uwarta mace ta yi, ku kewaye su da zane, amma a duba. Na biyu zane, zanen ɗaurawa na gida. Wanda mota ta banke ko ya faɗo daga babur yana kukan ƙugu, mai yiwuwa ƙashin ƙugun ya tsage, kuma jini mai yawa yana iya taruwa a ciki ba a ga ɗigo a waje ba. A zura zane a ƙarƙashinsa daidai inda cinya ta haɗu da ƙugu, a ja a ɗaure tam, a haɗa ƙafafun a ɗaure su. Da zanen nan kuma ake ɗaukarsa, mutum huɗu ko shida, ɗaya yana riƙe da kai kada wuya ya karkace. Abin da muka saba gani, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa a nannaɗe mutum a cusa shi cikin Keke Napep, ya gurgunta mutanen da haɗarin kansa bai gurgunta ba.

Bayan jini sai numfashi, kuma nan hannu ya fi kaya aiki. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, don harshe kada ya toshe maƙogwaro, amai kuma ya zubo waje. Kada a ɗura masa ruwa, ko madara, ko manja. Ban san wanda ya fara koya mana cewa madarar gwangwani tana farfaɗo da wanda ya suma ba, amma huhu take tafiya. Yaron da ke jijjiga ba a tura masa cokali a baki. Wanda aka koya wa amfani da jakar hura iska ya ɗauke ta, ta manya da ta yara. Wanda ba a koya wa ba ya bar ta, nauyi kawai zai ƙara wa kansa. Wannan ita ce ƙa'idar kowane kaya: abin da hannunka bai sani ba kada ya shiga jakarka. Jakar ɗan agaji daban take da ta jami'in lafiya na karkara, tasa kuma daban da ta likita, kuma babu abin kunya a cikin wannan.

Ku sa bargo. Na ga wasu sun yi murmushi, wai bargo a ƙasar da ake neman inuwa. Wanda ya zubar da jini jikinsa yana yin sanyi ko da rana tsaka, kuma jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau, sai zubar ta ci gaba. Balle a ce da asubahin hunturu ne, a kan kwalta, an yanke masa riga. Akwai bargon leda mai ƙyalli da ke ninkuwa ya shiga aljihu. In babu shi, a shimfiɗa wani abu a ƙarƙashinsa a rufe shi da abin da ya samu.

Sai ƙuna. Ba mu manta da Majiya ba, a Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta kama da wuta ta ci rayuka sama da 150, Allah ya jiƙansu. Kuma ko ba tanka, kowane hunturu yara suna faɗawa cikin wutar jin ɗumi da tafasasshen ruwa. Maganin farko na ƙuna ruwa ne mai tsabta, a riƙa kwarara shi a wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a bar ta. Sannan a rufe da siririyar ledar nan ta naɗe abinci, a shimfiɗa ta a kai ba a naɗe da ƙarfi ba, ba ta mannewa kuma likita yana ganin raunin ta cikinta. Naɗi ɗaya na wannan leda ya fi tulin man shafawa amfani. In ƙunar tana da faɗi, musamman ga yaro, a sanyaya wurin ƙunar amma a lulluɓe sauran jikin.

Yanzu bari in zo kan maciji, don nan ne ɗamarar da na gama yabo take zama abar gudu. Manoma da makiyaya sun san kububuwa, sun san kasa da gamsheƙa. Kububuwa ce ta fi yi mana ɓarna, har aka yi asibiti musamman na saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa za ku ga dasashi yana jini, tsohon miki ya buɗe. To ku duba abin da muke yi: mu sa reza mu tsaga wurin, ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa. Mu ɗaure ƙafar da igiya tam har ta yi baƙi, dafin bai tsaya ba, ƙafar kuma ta lalace. Mu manna baƙin dutse mu zauna jira, alhali an gwada shi ba ya zuƙe dafi. Mu ba shi asfirin ko diklofenak don zafi, waɗanda su ma suna ƙara zubar jini. Abin da jakarka za ta yi wa wanda maciji ya sara kaɗan ne, kuma shi ne daidai: a cire zobe da duk abin da ya matse, a sa wa ƙafar katako ko kara a ɗaure kamar ta karye don ta daina motsi, a ba shi farasitamol, a rubuta lokaci, a ɗauke shi, kada ya taka. In gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Allurar kashe dafi ba ta jaka ba ce, don ita kanta tana iya tayar da jiki ta yadda sai a asibiti za a iya shawo kansa. Amma sanin wane asibiti ne yake da ita a yankinku, wannan na jaka ne. A rubuta a manna a cikin murfi. Mutane da dama sun ƙare a hanya ana yawo da su daga wannan asibiti zuwa wancan.

In da za a ce in zaɓi magani ɗaya tak in bar sauran, gishiri da sukari zan ɗauka. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin durom, dangi suna ba marasa lafiyarsu da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Abin da ke cikin ƙunshin O.R.S. ke nan da ake sayarwa a kowane kyamis. Duk inda ambaliya ta shiga, kamar yadda ta shiga Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan fashewar madatsar Alau, abin da ake fargaba bayan ruwa ya janye shi ne amai da gudawa, don masai da rijiya sun gauraya. Ku ɗauki ƙunshi da yawa, ba su da nauyi. Ku karanta jikin ƙunshin, yawanci na lita ɗaya ne, wato fiya wata biyu. In sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri. Gishirin kada ya wuce haka, yawansa yana cutar da yaro. A haɗa wa yara da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. A jefa kofi da cokali da sabulu da ƙwayoyin tsabtace ruwa a cikin jakar, don na sha ganin ga O.R.S. amma babu abin damawa.

'Yan'uwana ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata, wannan naku ne. Zubar jini bayan haihuwa tana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mana mata. Allurar oksitosin ce maganin farko, amma tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, kuma wadda ta yi wata tana yawo a jaka cikin zafi ba a san ƙarfin da ya rage mata ba. Inda babu firji, ƙwayar misoprostol ce abokiyar tafiya, sai dai a bar ta cikin takardar gorar ruwanta har lokacin amfani, don laima tana kashe ta. Akwai kuma allurar traneksamik, mai hana daskararren jini narkewa. An gwada ta a kan mutum sama da 20,000 da suka ji rauni a ƙasashe 40, aka buga sakamakon a 2010, aka sake gwada ta a kan mata sama da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa, da yawansu 'yan Najeriya, aka buga a 2017. Duka biyun sun nuna tana rage mutuwa, da sharaɗin a yi ta cikin awa uku na farko. Tana da araha, ba ta buƙatar firji. Duk ma'aikacin da ke da izinin yin allura ta jijiya, a ganina ba shi da hujjar fita babu ita. Wannan ba na ɗan agaji ba ne, ina maimaitawa, kada gobe in ji an ce ni na ce.

Sauran magunguna ba su da yawa, zan bi su da sauri. Adirenalin don wanda jikinsa ya tashi bayan allura ko harbin zuma, fuska ta kumbura numfashi ya sarƙe, ana yin ta a tsokar cinya, ga wanda aka horar. Abin shaƙa na masu asma. Asfirin na taunawa ga babban da ƙirji ya riƙe masa irin na ciwon zuciya. Sukari mai ƙwaya ga mai ciwon sukari da ya fara rawar jiki da gumi, musamman da azumi, in har yana iya haɗiya. Maganin artesunat na sakawa ta dubura ga yaro ɗan ƙasa da shekara shida da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, kafin a kai shi asibiti. Farasitamol. Shi ke nan. Tiramadol kada ya kusanci jakar, kun fi ni sanin dalili. Kafso ɗin nan ja da rawaya da ake raba wa kowa shi ma ba agajin gaggawa ba ne.

Safar hannu kuwa, ita ce a sama, ita hannu zai fara taɓawa, kuma da yawa. Muna ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tashi kowane rani, ga ciwon hanta, ga ƙanjamau. Ɗan agajin da ya kwanta ciwo an yi asara biyu. A haɗa da takunkumi da leda ta zuba ƙazantattun kaya, da gwangwani mai murfi na tsofaffin allurai ga masu yin allura.

To an tara kaya, saura zafi, wanda shi ne ɓarawon da ba mu sa wa ido. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. A Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, inuwa kanta tana wuce 40, balle but ɗin mota da ta yini a rana a tasha. An taɓa miƙo mini akwatin wata mota in duba, mai ita yana alfahari bai taɓa buɗe shi ba tun da ya saya. Safar hannun ta narke ta manne da juna, ina ja tana yagewa. Filastar ta saki danƙonta a jikin takarda. Kwalbar sifirit babu komai ciki, murfin a rufe amma ya tsere. Batirin tocilar ya yi kumfa ya cinye ƙarfen. A wajen jami'in hanya wannan mota tana da akwatin agaji. Saboda haka jaka tana kwana a ɗaki, a inuwa, a mota kuma a ƙarƙashin kujera. Adirenalin da ya canza launi ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa a zubar. A cire batir daga tocila a ajiye a gefe, kuma tocilar goshi ta fi, don hannu biyu kake buƙata. Magani a saye shi inda aka amince, mai lambar NAFDAC, ba a tiren mai talla da ya yini a rana ba.

Shirya cikin jakar ma aiki ne. A rarraba kaya cikin ledoji masu haske, a rubuta wa kowace sunanta da manyan baƙaƙe, da boko da ajami in akwai masu buƙata: JINI, ƘUNA, KARAYA, GUDAWA. Ledar jini a sama ko a aljihun waje. In ƙungiya tana da jaka goma, duka goman su zama tsari ɗaya, yadda in an ce wa yaro "miƙo mini ta jini" zai miƙo ko a duhu. Jakar goyo ta fi akwatin ƙarfe, don a kan babur za a tafi, wani wurin ma a ƙafa. Yawan kaya kuma nisan asibiti ne ke yanke shi. Wanda ke aiki a cikin birnin Kano, asibitin Murtala yana kusa, abin tsayar da jini da ɗaukar mutum ya ishe shi. Wanda ke ƙauyen da sai an yi awa uku a kan babur da damina, dole ya ƙara bandeji na canji, da O.R.S., da ruwa, da batir. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da lissafi take shirya nata kayan, ƙunshinta na gaggawa an auna shi ne don mutum 10,000 na wata uku. Kai ma ka tambayi kanka, mutum nawa, na awa nawa.

Abu na ƙarshe da zai shiga shi ne littafi da alƙalami da waya mai caji da kati. Ka rubuta lokacin da abin ya faru, abin da ka gani, abin da ka yi, ka maƙala wa mara lafiyan a riga. Likitan da zai karɓe shi bai ga komai ba, takardar nan ce idonsa. Lambar 112 ta gaggawa ce ta ƙasa, 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, amma mu faɗi gaskiya, ba ko'ina suke shiga ba, don haka a rubuta lambar direba biyu ko uku na gari da suka yarda a tashe su da dare, da ta ma'aikacin asibiti mafi kusa. Ku kuma san haƙƙinku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce kada a tsangwami wanda ya kawo shi. Ba kowane mai gadin ƙofa ya san wannan ba. Ku faɗa da ladabi, amma ku faɗa.

Ranka ya daɗe shugaban taro, roƙona gare ku shugabanni ne. Sayen jaka a ɗauki hoto ranar rabo ba shi da wuya, cika ta bayan an yi amfani da ita shi ne ake mantawa. A ware wani abu duk wata, ko daga kuɗin tasha ko daga asusun masallaci, a naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda zai riƙa zazzage kowace jaka a farkon wata yana duba kwanan wata yana sa hannu. Ku kuma 'yan agaji, in kun koma gida yau, ku juye jakarku a kan tabarma, ku ware abin da ya lalace, ku ƙirga gozinku, sannan ku kama ƙafar ɗan'uwanku ku gwada ɗaura ɗamara har sai kun iya yi cikin minti ɗaya. Wanda bai taɓa riƙe ta ba ya tsaya bayan an tashi, ga su nan na zo da su, za mu yi tare.